Korar ɗalibi daga jami'a: mai laifi daban, mara lafiya daban

Babu mai hankalin da zai musanta cewa jami'a tana da ikon raba ɗalibi da harabarta idan zamansa ya zama barazana ga rayukan wasu. Wanda ya tuna daren 10 ga Yuli, 1999, lokacin da 'yan ƙungiyar asiri suka kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife suka kashe ɗalibai biyar, ba zai nemi a ɗaure wa hukumar makaranta hannu ba. Sai dai ikon nan yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ke cutar da iyalai da yawa. Yaro ya dawo gida da jakarsa da takardar kora, iyaye su ce ƙaddara ce, a rufe magana, alhali wataƙila ba a bi ƙa'ida ba, ko kuma abin da ke damunsa ciwo ne, ba laifi ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce a saurari wanda ake zargi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi wannan haƙƙi, kuma tun kafin kundin, Kotun Ƙoli ta kafa shi a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986. Tarzoma ce ta ɓarke a jami'ar a 1983, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, aka kori ɗalibai. Kotu ta soke korar, domin mataimakin shugaban jami'ar da ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, wato shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Ta kuma ce zargin aikata babban laifi irin ƙona dukiya aikin kotu ne. Darasin shi ne, ko da laifin ya yi muni, dole a faɗa wa ɗalibi abin da ake tuhumarsa da shi, a nuna masa hujja, a ba shi damar kare kansa gaban mutanen da ba su da hannu a rigimar.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne batun lafiya. Mai tarin fuka yana iya yaɗa cutar a ɗakin da ɗalibai suka cunkushe, gaskiya ne, amma maganinsa na wata shida ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai bayan makonnin farko na shan magani. Abin da ya dace da shi hutun jinya ne. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kuwa ba barazana ba ne ga abokin zamansa a aji ko a ɗaki, kuma dokar hana nuna wa masu ɗauke da cutar wariya ta 2014 ta haramta a hana su karatu saboda hakan. Haka mai lalurar ƙwaƙwalwa: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi kariya daga wariya. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba su cutar da kowa. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne abin da ɗalibi ya aikata da abin da likita ya tabbatar, ba sunan ciwonsa ko jita-jitar 'yan ɗaki ba.

Wani zai ce, idan aka tsaya bin waɗannan matakai, ai sai mai wuƙa ya soki wani kafin kwamiti ya zauna. Amsar ita ce doka ba ta hana ɗaukar matakin gaggawa ba. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, Kotun Ƙoli ta amince jami'a ta dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike, domin kiyaye zaman lafiya. Dakatarwa daban, kora ta dindindin daban. Haɗarin da masu wannan ƙorafi ba su hangowa shi ne, idan ɗalibai suka fahimci cewa zuwa asibitin makaranta na iya jawo kora, ɓoye ciwo za su yi, mai tari ya ci gaba da tari a ɗaki, mai tunanin kashe kansa ya ja baki ya yi shiru. Haka gwajin miyagun ƙwayoyi da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA suka amince a riƙa yi wa ɗalibai a 2025: idan sakamakonsa kora ce kawai ba tare da jinya ba, an kwashe matsalar ne daga makaranta an zuba ta a unguwa.

Iyaye, ku karanta littafin dokokin ɗalibai da ake ba 'ya'yanku ranar rajista. Idan yaro ya kamu da ciwon da zai hana shi karatu, ku nemi ɗage zangon karatu a rubuce, haɗe da rahoton likita, tun kafin a rubuta masa rashin halartar jarrabawa. Idan kuwa an kore shi, ku nemi dalilin a rubuce, ku ɗaukaka ƙara gaban hukumar gudanarwar jami'ar kafin wa'adin da aka ƙayyade ya wuce, ku kuma tuntuɓi lauya da wuri.