Ƙananan Jiragen Zubi da Masu Tara Su

Ƙananan jiragen sama na zubi samfura ne na jiragen fasinja na gaske, waɗanda ake narka ƙarfe a zuba su, a yi musu fentin kamfanin da ya mallaki jirgin. Ƙarfen da aka fi amfani da shi ana kiransa zamak, gauraye ne na tutiya da ɗan alminiyam da tagulla da maganiziyam. Aikin ya yi kama da na masu zubin tukwane, sai dai a nan inji ne ke tura narkakken ƙarfen da ƙarfi cikin mazubi, shi ya sa har layin ƙofa da bakin inji suke fitowa tsaf.

Sana'ar ta daɗe. Kamfanin Meccano na Liverpool a Ingila ya fara fitar da Dinky Toys a 1934, cikinsu har da jirage, amma don wasan yara. Da yawa daga cikin na farkon sun lalace, domin darmar da ta gurɓata ƙarfen takan sa ya kumbura ya tsattsage bayan shekaru. Wanda ya tsira lafiya yana tsada a yau. Kasuwar manya ta bunƙasa ne daga baya, da kamfanoni irin su Herpa na Jamus da GeminiJets na Amurka, wanda aka kafa a 1998. Yawancin zubin kuwa a Sin ake yinsa.

Ana auna su da ma'auni. Idan an ce 1:400, ana nufin jirgin gaske ya ninka samfurin sau 400. Boeing 747-400 mai tsawon kusan mita 70 yakan dawo santimita 18, a ma'aunin 1:200 kuma ya kai 35. Herpa ya fi shahara da 1:500.

Abin da ke jan hankalin masu tarawa shi ne kowane samfuri yana wakiltar jirgi ɗaya tak, da lambar rajistarsa a kusa da wutsiya, da fentin da ya sa a wani zamani. Sukan ɗauko tsohon hoto su gwada: tagogi nawa ne, hancin ya yi tsini fiye da kima, shuɗin ya yi duhu? Kuskure kaɗan yakan karya daraja. Ba a kuma zuba da yawa, idan sun ƙare sai a hannun wani, kuma wanda ke cikin kwalinsa na asali ya fi kuɗi.

Tsofaffin jirage su ne abin nema: Comet da kamfanin BOAC ya fara jigilar fasinja da shi a 1952, Boeing 707 na kamfanin Pan Am na 1958, da Concorde da ya daina tashi a 2003. Akwai kuma Vickers VC10 mai injuna huɗu a baya, wanda aka tsara don filaye masu zafi da gajeren titi irin na Afirka. Ghana Airways da Nigeria Airways duk sun yi aiki da shi. Pan Am ya rushe a 1991, Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai ya biyo baya a 2003, don haka fentinsu ya fi sauƙin gani a kan kantar mai tarawa.

Ajiya na buƙatar kula. Hasken rana yana kashe fenti, danshi yana ɓata ƙarfe, ƙafafun jirgin kuma siraran gaske ne, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya su. Shi ya sa ake sa su cikin akwatin gilashi, a riƙa share ƙura da burushi mai laushi.