Taima Yaron Amalanke Ce, Kada a Ɗora Mata Karkiya

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Makarfi ko ya bi hanyar Hunkuyi zuwa Kudan lokacin saran rake ya san amalanken shanu. An lafta masa kaya har taya ta lotse, ga yaro a gaba riƙe da igiyar hanci. Shi ke cewa a tafi, shi ke cewa a tsaya, amma ko sandar rake ɗaya ba ta bisa wuyansa. Karkiya tana wuyan bijimai.

Da wannan ido ya kamata mai rijiyar burtsatse ya kalli taima, agogon nan da ke kunna sumo, wato injin jan ruwa, ya kashe shi a kan lokaci. Aikinta ba da umarni ne. Mai ɗaukar nauyin wutar shi ne kontakta, kuma tsallake shi ne ke jawo wa mutane asara.

Ku lura da amalanke sa'ad da zai tashi. Nan ne bijimai ke sunkuyar da kai, su kafa kofato, su yi nishi. Da taya ta fara juyawa sai tafiya ta yi sauƙi. Injin lantarki ma a tashin farko yake zuƙar wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in ya kama aiki. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya da ke cin kimanin amfiya 6 yakan fizgi 30 ko fiye a wannan ƙiftawar ido. Amfiya 16 da aka rubuta a jikin taima kuwa lissafin kaya irin su hita ne, ba inji ba. In aka haɗa ta kai tsaye, a hankali bakin makunninta zai ƙone, ko ya manne, inji ya yi ta aiki har ruwan rijiya ya janye, koyil ya tafi.

Sai a duba halin yaron. Taima mai juyawa, wadda kowane haƙorinta minti 15 ne, tana da araha da sauƙin saiti, amma in ba ta da batir, da an ɗauke wuta sai ta yi barci, ta farka da lokacin ƙarya. A Ikara da maƙwabtanta, inda wutar NEPA ke zuwa yadda ta ga dama, mai lambobi da batir a ciki ita ce daidai. In da hali a ƙara wadda ke jinkirta 'yan mintoci bayan an kawo wuta, sannan a sa fulot mai kashe inji in ruwa ya cika a tanki, domin agogo bai san ruwa ya cika ba.

Jama'a, kafin ku biya kuɗi, ku karanta amfiyar da ke jikin injinku, ku kira ƙwararren mai wayarin ya zaɓo kontakta da obalod, mai yanke wuta in nauyi ya yi wa inji yawa, daidai da amfiyar. Kuɗinsu bai kai na sabon sumo ba.