Kallon ƙwallo da yara cikin hunturu: a yi lissafin komowa tun kafin a fita

Wata Asabar cikin Janairu na ɗauki 'ya'yan ƙanwata biyu daga Karakkai zuwa Gusau, kallon wasan ƙarshe na wata gasar matasa. Da azahar muka fita, rana na dukan ƙeya. Uwarsu ta biyo mu ƙofar gida da rigunan sanyi a hannu, tana cewa, "Yaya, ka dai tafi da su." Na ce ai ba kwana za mu yi ba.

An take wasa bayan la'asar, aka tashi kunnen doki, aka shiga bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kafin a ɗaga kofi an kira magariba. A hanyar komowa ƙaramin, ɗan shekara biyar, yana zaune a kan tankin babur da 'yar shimi, iska na dukan ƙirjinsa. Ina jin haƙoransa suna kaɗawa. Abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "Kawu, sanyi." Ranar Talata muna layin ganin likita, yana numfashi da kyar.

Kuskurena shi ne na auna yinin da zafin azahar. Iskar hunturu busasshiya ce, ba ta riƙe ɗumi, shi ya sa da rana ta faɗi sanyi ke saukowa gaba ɗaya. Jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin zubar da ɗuminsa, balle a kan babur mai gudu.

Sai dai ƙura ta fi sanyin ɓarna, kuma ita ce muka fi rainawa. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Laushinsa ya kai har yakan tsallaka tekun Atilantika. Abin da ya iya wannan tafiya, hancin yaro ba zai tare shi ba. A ƙara da filayenmu. In ka ɗebe irin su filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, gidan Zamfara United, yawancin inda matasan Bunguɗu da Tsafe ke buga ƙwallo fako ne ko filin makaranta. Mutum 22 na tayar da ƙasa minti 90, masu babura na zagaye in an ci ƙwallo, yara kuma su ne a sahun gaba, a tsugune bakin layi, daidai inda ƙurar ta fi kauri.

Yaron da ke da asma, ko wanda mura ta riga ta kama, a bar shi gida ranar da hazo ya yi nauyi, ko zai yi kuka. Jariri ma haka. Wanda za a je da shi a sa masa takunkumi ko a naɗe masa hanci da ƙyalle, a shafa masa man kaɗanya a leɓe da ƙafa, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba, don sanyi na ɓoye ƙishirwa. A duba inda iska ke kaɗawa a tsaya ta bayanta. Rigar sanyi da hula da safa a ƙunsa su cikin leda tun daga gida.

Gidan kallo ma bai tsira ba, musamman in gasar cin kofin Afirka ta faɗo cikin sanyi, kamar wadda aka yi a Kwaddibuwa a Janairu da Fabrairun 2024. Rumfa a rufe ruf, mutane kafaɗa da kafaɗa, wannan na tari wancan na atishawa. Busasshiyar iska na tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma ya ba ƙwayar cuta hanya. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin sanƙarau ba. Annobar da ta kashe fiye da mutum 1,000 a Najeriya a 2017 daga nan ta taso a ƙarshen 2016, kafin ta bazu Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba na jiƙe-jiƙe ba ne. Asibiti za a nufa a ranar.

Haka limoniya. A kwantar da yaro, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne iyaka. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, kada a jira gari ya waye.

Batun hanya ba sai na tsawaita ba. Titin Gusau zuwa Sakkwato ta Bunguɗu da na Funtuwa ta Tsafe cike suke da manyan motoci, hazo na rage gani, kuma rashin tsaro ya sa ba ma son dare ya yi mana a waje a shekarun nan. Gara a bar minti goman ƙarshe, a ji sakamako a waya.

Saura abin da ke jira a gida. Yaro ya dawo yana kakkarwa, tausayi ya sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki a toshe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. A ji ɗumin a tsakar gida, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta, a ƙara wa yaro bargo, a ba shi kunu mai zafi.

Ɗan ƙanwar tawa ya warke bayan mako guda ana shan magani. Har yau in na je ɗaukarsu, uwarsu ba ta ce mini komai, sai dai ta rataya ledar rigunan a kan babur da hannunta.