Ma'ajiyar bayanai ta NAS

Ma'ajiyar bayanai ta NAS ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da faifan ajiya guda ɗaya ko fiye, wadda ake haɗawa da na'urar rarraba intanet ta gida ko ta ofis, domin kowace kwamfuta da waya da ke wurin ta iya ajiye fayil a cikinta ta kuma ɗauko. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin fitattun masu ƙera ta. Ana kuma iya mayar da tsohuwar kwamfuta ta zama NAS ta hanyar sanya mata manhajar TrueNAS ko OpenMediaVault, waɗanda ake samu kyauta.

Yadda take aiki

Yawancin waɗannan na'urori suna amfani da tsarin RAID, wanda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana a shekarar 1988. A tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a na biyun, saboda haka faifai biyu masu terabait 4 kowanne, wurin terabait 4 kawai suke bayarwa. Idan ɗaya ya lalace, ɗayan zai ci gaba da aiki har a sauya.

Sai dai RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa ne a faifan biyu lokaci guda, haka ma idan ɓarawo ya ɗauke akwatin ko gobara ta tashi. Shi ya sa ake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban.

A Kano

A unguwa irin Nasarawa GRA, inda ofisoshin lauyoyi da asibitocin kuɗi da makarantu suke aiki a gidajen da tun asali na zama ne, babbar barazana ga NAS ita ce wutar lantarki. Ɗauke wuta a daidai lokacin da faifai yake rubutu yana iya lalata bayanai, kuma 'yan daƙiƙun da ake ɗauka kafin a tada janareta sun isa su yi wannan ɓarna. Don haka ake haɗa ta da batirin UPS ta kebul ɗin USB, yadda za ta kashe kanta a tsanake idan caji ya yi ƙasa. Inbata mai aiki da sola tana ƙara tsawon lokacin aiki.

Zafi ma matsala ne. Yawancin na'urorin NAS na gida an ƙayyade musu digiri 40, alhali zafin Kano yakan haura haka a watan Afrilu. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe fankar da ke sanyaya faifan.

Tsaro

A watan Janairun 2022 manhajar garkuwa da bayanai ta DeadBolt ta kulle dubban na'urorin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, masu ita suka nemi kuɗin fansa da Bitcoin. Sabunta manhaja, sauya kalmar sirrin da ta zo da na'urar, da shiga daga waje ta hanyar VPN kaɗai suna rage wannan haɗari. Asibiti ko ofishin da yake ajiye bayanan mutane a NAS yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.