Neman Salsala a Garin da Jirgin Ƙasa Ya Tara

Kusan kowane gidan Hausawa da ke Sabon Garin Minna yana da wani gari a bayansa. Ka tambayi dattijo a ƙofar masallaci zai ce maka su mutanen Katsina ne, ko Kano, ko Sakkwato. Ka tambayi jikansa wane ƙauye, wace unguwa, wane gida, sai ya yi shiru. Ni ma a nan aka yanke mini cibiya, kuma wannan shirun ne ya sa na shiga neman salsalar gidanmu.

Dalilin yankewar zaren a fili yake. Minna ƙasar Gwarawa ce tun asali, jirgin ƙasa ne ya tara mata baƙi. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, ba da daɗewa ba wanda ya taso daga Legas ya zo ya haɗu da shi. Leburori da 'yan kwangila da fatake da malamai da mahauta suka sauko daga arewa, Nufawa da Yarbawa da Ibo su ma suka zo. Marubuci Cyprian Ekwensi a garin nan aka haife shi a 1921. Wanda ya zo cin rani ya yi aure ya kafa gida, 'ya'yansa suka san garinsu a baki, jikoki suka riƙe sunan kawai.

A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, tattara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta wani yanki. Ta jihar Utah tun 1894 aka kafa ta. Mu kuwa sai 1979 aka fara yin dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a duk faɗin Najeriya. Abin da ke tsaya mana a madadin waɗancan ƙungiyoyi shi ne taron zuri'a, wanda gidaje da yawa ke yi bayan salla. Akwai shugaba da ma'aji da asusun taimakon marayu, amma da wuya ka ga an naɗa mai rubuta tarihi. A ci shinkafa, a ɗauki hoto, a watse, tsohuwar da ta san kowa tana gefe ba wanda ya tambaye ta komai.

Ni daga wurin gwaggona na fara. Maza sukan jero sunayen iyaye maza su tsaya, mata ne ke riƙe da wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nono da wa. Da na ce mata, "Gwaggo, wace shekara kakanmu Malam ya zo Minna?" sai ta ce, "Ɗan nan, mu ina muka san shekara? Yana dai cewa yunwa ce ta koro su, yana ɗan saurayi." Wannan amsar ta wadatar, domin an yi babbar yunwa a ƙasashen Kano da Katsina a 1913 zuwa 1914. Haka ake auna zancen tsofaffi da abin da kowa ya shaida: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin hannun dama a 1972, fitowar naira a 1973. Wanda ke shakkar ƙwaƙwalwar tsohuwa ya tuna Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, har yau masana na dogara da shi.

Bayan baki sai alamu. Tsagar fuskar da ke tsohon hoto tana magana, kuma tsohon wanzami zai bambance maka ta Gobirawa da ta Kabawa. Wasan da kakanka ke yi ma shaida ne: in Nufawa yake tsokana, to duba wajen Katsina. Buɗe gafakar Malam da ladabi, don wasu malamai kan rubuta haihuwar 'ya'yansu da ajami a bangon littafi. Nemi takardar rabon gado, wadda ke jero magada ɗaya bayan ɗaya, da takardar cinikin gida, da ta fanshon reluwe.

Daga nan sai Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can yana riƙe da fayilolin lardin Neja na zamanin Turawa, ciki har da rahotannin haraji da tarihin gundumomi. Ga kuma Arewa House, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970. Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, Kano na da tata a Gidan Ɗan Hausa. Sunan talaka ba ya yawan fitowa a waɗannan takardu, amma za ka samu sunan dagacin garinku da halin da ya sa mutane suka yi ƙaura.

Abin da na fi roƙo shi ne gaskiya. Kowa na so a ce kakansa ɗan sarki ne ko sharifi. Wasu kakanninmu dako suka yi a tasha, wasu daga bauta suka fito suka sami 'yanci a bakin layin dogo, kuma guminsu ne ya gina gidajen da muke kwana ciki. A rubuta abin da aka ji da sunan wanda ya faɗa, in riwaya biyu ta saɓa a ajiye duka biyun. Abin da zai tona asirin mai rai kuwa a bar shi a cikin gida.

Ribar aikin zumunci ce. Da na je ƙauyen kakanmu na tarar da jikokin ƙanensa, yanzu muna halartar bikinsu da zaman makokinsu, su ma suna zuwa namu. Saboda haka a taron zuri'arku na bana ku zaɓi matashi ɗaya, ku saya masa babban littafi, ku sa ya ɗauki muryar tsofaffi a waya, a yi kwafi a raba wa gidaje. A fara da wanda ya fi kowa tsufa.