Bindiga don maganin kura: abin da ake faɗa a Potiskum da abin da yake gaskiya

Duk sa'ad da kura ta ɗauke akuya a wani ƙauyen Nangere ko Fika, kafin Laraba labarin ya iso kasuwar shanu ta Potiskum, kuma shawarar da ke bin bayansa ɗaya ce: a nemi bindiga. Mutumin da bai taɓa taɓa kunamar bindiga ba sai ka ji yana tambayar wacce ta fi, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Amsoshin da ake ba shi a rumfa suna iya kai shi kurkuku, ko su sa ya ɗauki alhakin rai.

An fi yawan cewa bindigar toka ba ruwanta da hukuma, tunda gadon kakanni ce. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a nan, amma kaɗan. Dokar bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an sassauta mata, amma kwamishinan 'yan sandan jiha yana da ikon hana riƙe ta ba tare da lasisi ba. Maƙeri ma bai da hurumin ƙera ta ko gyara ta sai da izinin Sufeto Janar. A jihar da ta sha wahalar Boko Haram kamar Yobe, wanda aka tsare a shingen bincike da bindiga a buhu, hujjar gado ba za ta fisshe shi ba.

Wasu na cewa mai cin harsashi da yawa, wadda ake ja da hannu ta ɗura kanta, ita ma ta farauta ce. Dokar ta fitar da irinta daga wannan rukuni, kuma a 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin waɗanda za a miƙa wa hukuma. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne.

Sai masu cewa ai gwamnati ta ba kowa dama ya kare kansa. Tushen maganar Zamfara ne, inda a 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce wa jama'a su nemi lasisi saboda 'yan bindiga. Nan take 'yan sanda suka ce an dakatar da bayarwa, kuma a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada dakatarwar. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka hanya, je ka ofishin 'yan sanda ka tambaya da bakinka.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa harbi abu ne mai sauƙi. Kura da dare take zuwa. Sabon hannu zai fito cikin magagi, ya ji motsi bayan danga, ya saki wuta, alhali zana ba ta tare harsashi, kuma a bayanta akwai ɗakin yara ko maƙwabci da ya fito kewayawa. Batun fashewar bindigar gida a hannun mai ita ba ƙage ba ne: idan bututun ƙarfen ruwa ne, aka kuma cika albarushi, yatsu da ido ne ke tafiya. Maharban da ke ƙarƙashin sarkin baka tun suna yara suke bin iyayensu daji kafin a miƙa musu bindiga.

Labarin zaki a dajin nan kuwa, a ajiye shi. Zakunan da suka rage a Najeriya 'yan ƙalilan ne, a Yankari da dajin tafkin Kainji.

Dabbar da ta fi kwantar da manomi a yankinmu ba a harbinta. Kububuwa ce, 'yar gajeruwa mai launin ƙasa, da ke lafewa ƙarƙashin damin gero da tarin kara lokacin girbi. Saboda irinta aka yi asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Takalmin roba mai tsawo, tocila da share ciyawar gindin rumbu sun fi kowace bindiga amfani a kanta. Idan ta yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hanzarta zuwa asibiti. Haka cizon mahaukacin kare: kashe karen bai warkar da kowa ba. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a je a karɓi allura a ranar.

Ita kura, ta fi samun sa'a a garken da aka bari a buɗe. Shingen ƙaya mai kauri ko waya, ƙofa mai rufuwa da karnuka biyu suna rage ɓarna sosai. A Kenya, wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere ya kewaye garken gidansu da fitilu masu walƙiya bi da bi, zakuna suka ja baya don suna zaton mutum ne ke yawo da tocila. Fitilar sola tana nan a shagunan Potiskum. Idan duk da haka dabbar ta addabi gari, a kai maganar ga mai unguwa ko dagaci, su kira maharba da sanin 'yan sanda.