Wasan Tebur da Sharuɗɗan da Talabijin Ta Gindaya Masa

Duk wanda ya ratsa Limawa ko wata unguwa ta Dutse bayan sallar isha'i, da wuya ya rasa ganin rumfar da aka girke tebur mai koren ƙyalle a ƙarƙashinta, samari sun kewaye shi, ɗaya ya sunkuya da sanda yana auna ƙwallo, saura suna jiran layinsu. Kuma da yawa daga cikinsu, in an tashi, a wayoyinsu suke kallon gwanayen duniya suna fafatawa a Ingila ko Amurka ko Saudiyya, har su zaci cewa yadda suke ganin wasan a can haka yake tun fil azal. Alhali kuwa dokokinsa da kayan bugunsa sun sha sauyi, galibin sauyin nan kuma talabijin ce ta jawo shi, har yau ma'abota wasan ba su yi ittifaƙi a kan wanne ne gyara wanne ne ɓarna ba.

Wasannin iri biyu ne, ko da yake mu nan duka sinuka muke ce musu. Akwai sinuka ta ainihi, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙago a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875, ana buga ta a tebur mai tsawon ƙafa 12, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6. Akwai kuma ful na Amurkawa, wanda teburin gwanayensa ƙafa 9 ne, ramukansa kuma sun fi faɗi. Teburan unguwanninmu daga wannan zuriya suke.

Sinuka dai talabijin ce ta raya ta bayan ta kusa macewa, domin a 1969, lokacin da tashar BBC ta biyu take neman shirin da zai bayyana wa jama'a fa'idar talabijin mai launi, sai aka ga babu abin da ya kai koren tebur da ƙwallaye kala-kala, aka fara shirin Pot Black. Bayan shekara 16, a daren da Dennis Taylor ya doke Steve Davis da ci 18 da 17 a kan baƙar ƙwallon ƙarshe a Sheffield, mutum miliyan 18.5 ne suka hana idonsu barci har bayan sha biyun dare suna kallo. A Amurka kuwa lamarin ya bi wata hanya daban. Wasan da magabatansu suka ɗauka ma'aunin gwaninta shi ne wanda mutum zai yi ta jefa ƙwallaye yana ambaton ramin kowace, matuƙar bai kuskure ba, irin wanda Willie Mosconi ya jefa 526 a jere a 1954. Amma da yake mai shirin talabijin lokacinsa ƙidayayye ne, ga masu talla suna jira, sai aka jingine wancan aka rungumi wasan ƙwallo tara, wanda ake gama zagayensa cikin 'yan mintoci.

To, a nan mas'alar take. Ƙa'idar ƙwallo tara ita ce mai bugu ya fara taɓa ƙwallon da ta fi ƙanƙantar lamba, bayan haka duk abin da ya faɗa rami halal ne gare shi, ko ya nufa ko bai nufa ba, kuma wanda ya jefa ta tara shi ya ci zagayen, ko da abokin karawarsa ne ya sha wahalar jefa takwas ɗin farko, ko da ma a bugun farko ta faɗa. Wannan ƙofa ce da aka buɗe wa sa'a da gangan, don mai kallo ya kasa tashi daga kujerarsa. Sa'an nan wata illa ta biyu ta ɓullo daga inda ba a zata ba, watau daga kyautatuwar kayan wasan kansu: da ƙyallen Simonis da ƙwallayen Aramith na ƙasar Beljiyam suka kai matuƙa wajen santsi da daidaito, aka kuma samo wata siririyar takardar roba da ke jera ƙwallaye su manne da juna babu ko tsaga, sai bugun farko, wanda dā hargitsi ne da ba mai sanin inda zai ƙare, ya koma lissafi tsantsa. Gwani ya gane cewa in ya ajiye farar ƙwallo a gefen tebur ya buga a hankali, ƙwallon da ke kusurwar jeri za ta tafi ramin lungu kusan kowane karo, ta ɗaya kuma ta tsaya masa inda yake so. Corey Deuel ya shahara da wannan lallausan bugu sa'ad da ya ci gasar US Open a 2001, kuma ba wanda zai ce ya yi ha'inci, tun da doka ba ta hana ba. Sai dai mai kallo ya wayi gari yana ganin zagaye ɗaya ana maimaita masa shi sau goma.

Magungunan da aka kawo suna da yawa, kuma kamfanin Matchroom na Barry Hearn, wanda ya kafa gasar kofin Mosconi tsakanin Turai da Amurka a 1994, shi ne ya fi kowa ƙarfin hali wajen gwada su. An matsar da jerin gaba yadda ta tara ce za ta hau ɗigon tebur maimakon ta ɗaya, an zana wani ɗan akwati a tsakiya aka ce daga cikinsa kaɗai za a yi bugun farko, an kuma tsuke bakin rami daga inci huɗu da rabi zuwa inci huɗu. Da yake faɗin ƙwallo inci biyu da kwata ne, ramin da dā ƙwallo biyu za su tsaya a bakinsa kafaɗa da kafaɗa, yanzu ba za su iya ba. Wasu kuma suka ce tushen cutar dokar ce da kanta, suka koma wasan ƙwallo goma, inda wajibi ne mai bugu ya ambaci ƙwallo da raminta, wanda aka fara gasar duniyarsa a Manila a 2008. Ni a ganina waɗannan duka gyara ne na haƙiƙa, domin maƙasudinsu ɗaya ne, a mayar da hukunci hannun gwaninta.

Saɓanin da ya fi wuyar warwarewa shi ne na wa zai yi bugun farko. Masu cewa wanda ya ci shi zai ci gaba da fasawa suna kafa hujja da abin da Earl Strickland ya yi a Dallas a 1996, da ya share zagaye 11 a jere, suna cewa irin wannan bajinta ce ke sa a tuna da wasa. Masu cewa a riƙa karɓa-karɓa kuwa suna tambaya, ina adalci ga mutumin da ya ƙetare teku ya zo, aka cinye shi yana zaune bai taɓa sanda ba? Kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma zuciyata ta fi karkata ga na biyun, saboda ban ga yadda za a kira abu karawa ba alhali mutum ɗaya ne ke bugu.

Agogon bugu, wanda ke ba ɗan wasa daƙiƙa 30 tare da damar neman ƙari sau ɗaya a zagaye, ban ga aibinsa ba, don jinkirin da ya wuce kima zalunci ne ga abokin wasa kafin ya zama gajiya ga mai kallo. Canza launin ƙwallaye ma, kamar mayar da ta huɗu ruwan hoda don kada ta rikice da wata a fuskar talabijin, abu ne mai uzuri, ko da yake tsofaffin 'yan wasa sun yi ƙorafi da aka sauya launin ta biyar. Inda nake tsayawa shi ne irin abin da aka yi a Riyad a 2024, da aka ƙara wa sinuka ƙwallon zinariya mai maki 20, don a ɗaga iyakar maki daga 147 zuwa 167, da kuma gasar Shoot Out da aka farfaɗo da ita a 2011, wadda ake yanke hukuncinta a wasa guda na minti 10, kuma tun 2017 ake lissafa sakamakonta cikin martabar 'yan wasa. Na farkon ado ne da aka liƙa don talla, na biyun kuwa ya bai wa dace matsayin da ƙwarewa ce ta cancance shi. Kuɗi na da ƙarfi a wannan fage, ga shi gasar duniya ta ƙwallo tara da aka yi a Jidda a 2024 dala miliyan ɗaya aka raba, Fedor Gorst ya tafi da 250,000. Mai ba da irin wannan dukiya kuwa in ya nemi a sauya doka, kaɗan ne za su iya ce masa a'a.

Dalilin da ya sa na damu da wannan muhawara, ni da nake Dutse, shi ne mizanin da ake auna ta da shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe da rarrabe wasan da ake rinjaye a cikinsa da basira da horon hannu, da wanda ake rinjaye da ƙuri'a da dace, kuma sun yi ijma'i a kan haramcin caca; da yawa daga cikinsu ma suna ganin al'adar nan ta cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur reshe ce ta cacar, tun da kowane ɗaya ya shiga ne tsakanin riba da hasara. Gwargwadon yadda doka ta ƙara wa sa'a rabo, gwargwadon yadda wasan ke kusantar abin da iyaye suke tsoro ke nan, kuma abin da samarinmu suka gani a waya yau shi za su kwaikwaya a rumfa gobe.

Har wa yau, gardamar da ke tashi a teburanmu galibi daga rashin rubutacciyar ƙa'ida take: wannan ya ce in an yi kuskure bugu biyu ake bayarwa, wancan ya ce a'a, ɗaukar fara ake a ajiye inda aka so, ga kuma ƙwallon da ta faɗa ramin da ba a nufa ba, kowa da fatawarsa. Masu tebur a Limawa da Kachi da sauran unguwanni suna da ikon gyara wannan ba tare da sun kashe ko sisi ba: su zauna su yarda da doka guda, su rubuta ta a allo su rataye a rumfa, a wajabta ambaton rami, bugun farko ya zama karɓa-karɓa, kuɗin tebur kowa ya biya rabinsa tun kafin a jera ƙwallaye, in kuma ladan ya yi kira a ajiye sanda.